Ɓeraye da Man Gyaɗa

Ni'imatullahi ta dawo Bunkure daga jami'a, baki har kunne. Wata shida ta yi tana gwada wani sabon maganin tarin fuka a kan ɓerayen ɗakin bincike, ga shi huhunsu ya yi sauƙi. Ranar Litinin za ta kai wa malaminta sakamakon, digirinta na biyu kuwa a kansa ya rataya.

Ta tarar da mahaifinta, Malam Baballe, a bakin kanal yana sakar wa tumatir ruwa. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗana wa ɓera tarko, yau 'yarsa ce ke jinyar ɓera.

"Likitar ɓeraye, yaya majinyata?"

"Sun samu sauƙi, Baba."

"Madalla. Da cokali kike ba su?"

Ta yi dariya. "Maganin ba ya narkewa a ruwa, sai na dama shi a man gyaɗa na ɗura musu."

"Lallai ɓeran birni ya more. Waɗanda ba ki ba magani ba fa?"

"Su ruwa kawai nake ba su, don in kwatanta."

"Ba mai?"

"Ba mai."

Malam Baballe ya dogara da fartanyarsa, ya nuna mata wani fangali a gefe.

"Kin ga wancan? In aka kawo sabon taki, nakan bar fangali guda ban zuba masa ba, amma ruwan da 'yan'uwansa suka sha shi ma shi zai sha. Da farko ban san haka ba. Na zuba taki a ɓangaren da ke shan ruwan da ya ratso gonar maƙwabcina Uba, ɗayan kuwa ruwan kanal zalla. Na cika kasuwa da yabon taki, ashe ruwan ne ke kwaso takin Uba. To ke, maganin ne ya yi aiki ko man?"

Ba ta sani ba. Haushin kanta ya kama ta, har idonta ya kawo ruwa.

"Wata shida fa, Baba."

"Ni ma rani guda na yi asara," in ji shi a hankali. "Kuma ni ba mai tari da ke jiran tumatirina."

Ranar Litinin ba ta miƙa sakamakon ba. Sababbin ɓeraye ta roƙa, kashi uku: masu shan magani a mai, masu shan mai zalla, da masu shan ruwa.