Matoshin Jirgin Canor

Ranar da Canor ya cika kwana arba'in da rasuwa, Etang ta dafa shinkafa, ta soya busasshen kifi, ta ci ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Da ta dawo daga coci ko baƙar rigar ba ta canza ba, ta zagaya bayan gida, inda jirgin ruwan mijin nata yake kwance a kan amalanken ƙarfe mai taya biyu, lulluɓe da shuɗin tampol.

Shekara shida Canor ya yi yana haɗa jirgin nan da hannunsa. Daga ya taso daga gidan waya inda yake aiki, sai zarto, sai manne katako. Shekara goma da suka biyo baya kuma, duk ƙarshen wata sai ya ɗaura shi a bayan a-kori-kura, ya gangara da shi tafkin Taal, ya ɗaga masa ƙyalle iska ta yi ta yawo da su. Etang ko sau ɗaya ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba. "Katakonka" take ce masa. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannunta ya ce, "Kar ki bar shi ya ruɓe a bayan gida. Ranar arba'in ɗina ki kai wa abokina Ruping, ya sa shi a ruwa." An ce sai ranar nan ne rai yake barin gida ya tafi gaba ɗaya. Ta ce to. Abin da ya rage mata ta yi masa ke nan, kuma shi kaɗai ne ya tashe ta daga gado yau.

Ba ta yi kuka ba, har yanzu. Abin da ta yi bayan jana'iza shi ne bin gida tana rufe abubuwa: akwatin kayan aikinsa, tagar ɗakinsa, kwalaben maganinsa. A cikin mota ta tarar da baƙin matoshin roban nan na jirgin, mai igiya, da yake ratayewa a madubi, kusa da carbi. Shekara da shekaru tana yi masa mita a kai, wai ta yaya za a haɗa ƙazamar roba da abin addu'a, shi kuwa sai dai ya yi dariya. Ta cire shi, ta nemi raminsa a gindin jirgi, ta cusa, ta murɗa har ya zauna daram. Washegari damina ta sauka, ta yi ta zuba kusan kullum.

Ƙaninta Dado ne ya zo rakiya. Mai aski ne, ya san komai a duniya in dai da baki ne. Ya cire hula, ya kama bakin amalanken zai ɗaga, ya ji ko motsi.

"Kai! Ate, da me Kuya Canor ya gina wannan abu, da siminti?" Ate yake ce mata, Canor kuma Kuya, wato yaya mace da yaya namiji.

"Ka ɗaura kawai."

"Shi fa da hannu ɗaya na ga yana ɗagawa."

"To kai sa biyu."

Sai da suka kira maƙwabci aka sa jak sannan aka maƙala shi. Etang ta shiga mazaunin direba. Ta saba kai shuke-shuke kasuwa da motar, amma ba ta taɓa jan komai a baya ba.

Daga garinsu Silang zuwa Tagaytay hawa ne, motar ta yi ta nishi, Dado ya yi ta ba da labarin wani da ya yi wa aski jiya. Ba ta ji ko ɗaya ba. Da suka kai bisa, tafkin ya bayyana can ƙasa, shiru, launin toka. Ta karya kan mota zuwa hanyar Talisay, wadda daga nan har bakin ruwa ba komai sai gangara da kwana, dutse a dama, rami a hagu.

A kwana ta farko ta taka birki, motar ta lafa, sai can aka bangaje su daga baya, kamar yadda ake yi wa mutum a layin shiga mota. Dado ya riƙe ƙofa. A ta biyu aka sake, da ƙarfi.

"Ate, giya ɗaya. Sa giya ɗaya!"

"A ɗaya take."

Injin yana ihu, motar tana ƙara gudu. Duk ta taka birki, sai an ɗan jinkirta sannan turin ya zo. Wari ya fara shigowa ta taga, warin ƙonanniyar roba. Ta sake takawa, ƙafarta ta nutse har ƙasa ba abin da ya tare ta.

Dado ya dafe gaban mota yana kiran Yesu da Maryamu da Yusufu. Etang kuwa tana kallon hannayenta a kan sitiyari, tana mamakin yadda ba sa rawa. Ta nemi tsoro a cikinta ba ta samu ba. Abu ɗaya ne ya zo mata: in katakon nan ya faɗa rami, ba ta da abin da za ta kai wa Ruping.

A kwana ta gaba hanya ta ɗan buɗe, akwai tsakuwa da wata rumfar abarba. Ta karkata can, ta ja birkin hannu iya ƙarfinta. Motar ta ja ƙasa, ta cusa hanci cikin tulin jar ƙasa ta tsaya. Amalanken ya juyo gefe ya tsaya shi ma, tayarsa ɗaya saura taki guda ta bar hanya.

Mai abarbar, wata tsohuwa da ake kira Aling Bebang, ba ta tsaya salati ba. Ta kinkimo duwatsu ta cusa a ƙarƙashin tayoyi, sannan ta miƙe tana haki.

"Ku kashe ni ku huta mana! Tsaya, ai na san jirgin nan. Ina mai shi, mai hular nan kamar kwano?"

"Ya rasu," in ji Etang. "Yau arba'in."

Tsohuwar ta yi alamar gicciye. Ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, sai ta karkata kunne. Mota a kashe take, amma a cikin jirgin wani abu yana kai da kawowa, yana bugun katako a hankali. Ta mari gefensa da tafin hannu, sautin ya fito a toshe.

"Kai, mai tsayi, ɗaga tampol ɗin nan."

Dado ya ɗaga. Ashe tampol ɗin ya yage ta tsakiya. Ruwa ne cike har wurin zama, kore shar, da ganyen mangwaro da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil.

"Wane mai hankalin ne ya toshe shi?" in ji Aling Bebang. "Shekara ashirin ina nan ina kallon masu jirage suna wucewa, kowa gindin jirginsa na ɗiga. A ruwa ake toshewa, a tudu a buɗe. Ku kun ɗauko damina guda kun hau dutse da ita!"

"Ni ce," in ji Etang.

"Haba Ate," Dado ya fara, sai ya dubi fuskarta ya haɗiye sauran.

Ta zagaya baya, ta durƙusa, ta murɗe matoshin. Ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙe mata takalman coci da bakin riga. Ba ta matsa ba. Ya yi ta zuba, yana bin gefen kwalta yana gangarawa inda za su. An daɗe. Aling Bebang ta fere abarba ta miƙa musu.

"Kullum biyu yake saye," in ji ta. "Ya ce a zaɓo masa mai tsami, wai matarsa ba ta son zaƙi."

"Haka ne," in ji Etang. Ta ci yanka ɗaya, ba ta ji tsamin ba.

Suka jira birki ya huce. Da za ta shiga mota ta ga matoshin yana hannunta, rigar kuma ba aljihu. Ba tare da wani tunani ba ta rataye shi a madubi.

Sauran hanyar motar ta bi ta lafiya lau, kamar ba ta jan komai. Haka suka isa Talisay.

Mang Ruping, abokin Canor, yana bakin ruwa yana jira, da baƙin ƙyalle ɗaure a hannun riga. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya kafa sandar jirgin, ya kwance igiyoyi, sannan ya shiga ruwa zuwa gwiwa yana yi mata alama da hannu.

"Da baya, Etang. A hankali. Zo, zo."

Ta sa giyar baya, ta ɗaga ido don duba madubi. Ga shi nan yana lilo a gabanta, baƙi, jiƙe, kusa da carbi. Ba yadda za a yi mutum ya tura jirgi cikin ruwa da baya bai gan shi ba.

Ta taka birki.

"Saura kaɗan!" in ji Ruping. "Zo mana!"

"Dado," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, "shekara goma ina yi masa faɗa a kan wannan abu. Ko sau ɗaya ban tambaye shi dalili ba."

Wani abu ya soke ta a ƙirji, karo na farko cikin kwana arba'in, kuma ya yi zafi ƙwarai. Dado ya miƙa hannu zai ciro matoshin, ta ture hannun. Ita ta cire shi. Ta fita, ta taka cikin ruwa da takalmanta, ta cusa shi a raminsa, ta murɗa har ya zauna. Sannan ta koma ta ƙarasa da motar.

Jirgin ya zame daga amalanken ya hau ruwa, ba nauyi ko kaɗan. Ruping ya ɗaga ƙyalle, iska ta kama, ya fara nisa.

Etang tana zaune a mota, bayanta ga tafkin. A madubi take kallonsa yana ƙanƙancewa, carbin yana rataye shi kaɗai.

"Ate, mu tafi?"

"Bari tukuna," in ji ta. "Ina ganinsa."