Taken da Falalu Ya Aika Beljik

Yayana Falalu makaɗin gangar noma ne, kuma duk faɗin kwarin Tarka babu mai taurin kai irin nasa. Ni Zalika na faɗa, ni da muka sha nono ɗaya da shi. Shekara arba'in yana yi wa manoma kiɗa a gayya, ya san taken kowane namiji daga ƙauyenmu har bakin Belbeji. Take kuwa ɗan kiɗa ne da makaɗi yake ƙirƙira wa mutum, nasa shi kaɗai. In aka buga naka kana cikin gona, sai ka ɗaga hauya sama ka yi kururuwa, ka kama layi ka nuna wa jama'a kai ɗa ne. Ko kana bakin rijiya ka jiyo shi, dole ka saki guga ka taho. Shi ya sa a wurinmu ba a buga taken wanda ya yi tafiya don nishaɗi. In an buga, to kiransa ake yi.

Ɗan farin Falalu shi ne Zakiyyu. Kun dai san kunyar ɗan fari. Tun da aka raɗa wa yaron nan suna, uban bai taɓa furta shi ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ko hira ba sa yi. In zai yi zancensa sai ya ce da ni "wancan na wajenki". Uwarsa Tata, Allah ya jiƙanta, ita ma haka ta yi har ta koma ga Mahaliccinta. Ni goggonsa ni na goye shi, ni na wanke masa ƙazuwa, ni na saya masa takalmin shiga lakwal, wato firamare, da kuɗin ƙosai. Daga lakwal ɗin Belbeji ya wuce lise, wato sakandare, a Damagaram, daga nan Yamai, daga Yamai aka ba shi burs, wato tallafin karatu, ya tafi Beljik can Turai karatun lantarki. Karatun dai ya yi, amma ja'irin sai ya ɓuge da kiɗa. Wai dije. Yana tsaye gaban na'ura yana murɗe-murɗe, samari suna zuba masa waƙar rap, Turawa suna tsalle. Na ce oh, jini ba ya ɓuya, an gudu daga ganga an faɗa wa ganga mai lantarki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da gida. Yana aike, ba zan yi masa ƙarya ba, shi ya saya mini wannan wayar, shi ya sa mana sola. Amma ni kewarsa nake yi, wallahi har cikin ƙashina. Uban kuwa ba ya cewa komai. Sai dai duk ranar da na je kasuwar Belbeji, inda ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, in na dawo zan tarar da shi zaune a ƙofar gidana yana gyaran tsarkiyar gangar da babu abin da ya same ta. Ba zai tambaya ba. Ni ma don mugunta sai in yi ta zancen tsadar barkono, har sai ya yi gyaran murya sau uku, sannan in ce masa lafiyarsa lau, yana gaishe ka.

Bana, ana saura kwana kaɗan ruwan shuka ya sauka, Zakiyyu ya turo mini saƙon murya. Ya ce, "Goggo, an gayyace ni wani babban biki da ake yi a nan duk watan bakwai, festibal suke ce masa. Kwana uku ana kiɗa a wani fili bayan gari, mutum ya fi dubu hamsin. Ina son in sa gangar Baba a cikin kiɗana. Don Allah ki roƙe shi ya buga mini wani abu, ki ɗauka a waya ki turo."

Na kai wa Falalu saƙon ina jiran ya zage ni, don ya sha cewa gangarsa ta gumi ce, ba ta ƴan rawa ba. Sai na ga yana kallon hannunsa na dama. Hannun nan ya fara rawa tun bara, idonsa na hagu kuma ya yi yana. Ya riga ya gaya wa Maigari cewa daminar bana ce ta ƙarshe da zai rataya ganga.

Ya ce, "Gobe da hantsi ki zo gona da wayar."

Muka je, ni da shi kaɗai, cikin gonar da ba a ko shuka ba. Ya rataya ganga, ya ɗaure ɗamara kamar gayya ta cika, ya ce in danna. Yana sa gula na gane kiɗan. Taken Zakiyyu ne. Sau ɗaya tak aka taɓa buga shi a duniya, lokacin yaron yana da shekara goma sha uku, ya zo hutun lakwal aka yi gayya a wannan gonar. Ranar ya ɗauki hauyar da ta fi shi tsawo, uban ya bi bayansa da wannan kiɗan, ya ɗaga hauyar yana dariya, haƙoransa duk a waje. Uban da ba ya iya kiran sunansa da baki, ranar ya kira shi da ganga a gaban kowa.

Da ya sauke gula na ce, "Yaya, kiransa fa ka yi."

Ya ce, "Na tambaye ki?"

"To in gaya masa taken wane ne?"

Ya harare ni da idon nan mai lafiya. "Ke wace irin mace ce? Ana gaya wa mutum takensa?"

Na tura. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito kyau. Ranar bikin ta kama Asabar, kuma Zakiyyu ya ce lokacinsa bayan la'asar ne a agogonmu, wani abokinsa zai riƙe waya ya nuna mana kai tsaye. Falalu da ya ce shi ba ruwansa, tun da safe ya sa babbar rigarsa ta Salla, wai yana da buƙata a Belbeji. Wace buƙata? Muka hau amalanke. Muka sauka shagon Alhassan mai sharjin waya, shi ya haɗa mana wayar da telebijin ɗinsa, ya kawo wa Yaya kujera.

Tabɗi! Ni dai ban taɓa ganin mutane haka ba. Fili ne kore shar, iya ganinka kawuna, maza da mata, wasu ba riga, wasu sun shafa fenti a fuska, ga tutoci, ga ruwa ana fesa musu daga bututu suna murna. Na ce ikon Allah, mu muna roƙon ruwa a masallaci, su ana watsa musu shi don wasa. Bafula kuwa, manyan lasifikokin nan, an jera su sun fi rumbun Maigari tsawo. Can sama a kan dakali sai ga ɗana. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, ga wani abu ya toshe kunnuwansa da shi. Na ce wayyo Zakiyyu, na fashe da kuka a shagon mutane, ko kunya ban ji ba.

Falalu ya jawo kujera har gwiwarsa tana taɓa teburin telebijin. Kiɗan farko dai dum-dum-dum ne kawai, mai sa hanjin mutum motsi. Wani baƙin saurayi ya fito yana zuba Faransanci da sauri kamar ana bin sa. Aka daɗe ana haka. Sai kawai komai ya ɗauke, filin ya yi tsit, sannan gangar Falalu ta fito ita kaɗai. Wallahi har kukan kurciyar da ke kan aduwar gonarmu na ji a ciki. Ta buga taken sau ɗaya, sau biyu, a na uku Zakiyyu ya ɗaga hannunsa na dama sama, ya buɗe baki ya yi ihu, kiɗan lantarkin ya faɗo a kan gangar, mutum dubu hamsin suka yi sama gaba ɗaya.

Falalu ya miƙe tsaye, kujera ta kife. Ya ce, "Ya amsa."

Alhassan ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Shi ya san abin da na sani, duk hotunan da yaron yake turowa haka yake ɗaga hannu in kiɗa ya kai wurin daɗi. Amma ni ma a lokacin zuciyata ta ce mini wa ya sani, watakila amsawar ce. Ina son ta zama ita ce.

A hanyar komawa Yaya ya yi surutun da ban ji ya yi ba tun rasuwar Tata. Ya tambaye ni kwana nawa ake yi daga can zuwa Yamai, na ce yini ɗaya ne a jirgi. Ya ƙirga da yatsu, Yamai zuwa Damagaram kwana ɗaya a mota, Damagaram zuwa nan wani yinin. Ya ce to a ba shi sati biyu, mutum yana da sallama da zai yi. Washegari ya je wurin Maigari ya ce a ɗaga gayyar gonarsa, a fara da na sauran mutane. Ya je maƙera ya sa aka ƙera sabuwar hauya, ya zaɓo ƙota da kansa, doguwa, don ya ga yaron ya yi tsawo.

Sati biyu suka wuce. Aka nome gonar kowa, Falalu yana bin su da ganga, tasa gonar kuwa ƙarangiya ta taso ta kai gero wuya. Mutane suka fara magana. Maigari da kansa ya same shi ya ce, "Malam Falalu, hatsin nan zai shaƙe fa." Ya ce a ƙara masa kwana bakwai. Na je na same shi na yi masa tatas, na ce Yaya kana da hankali kuwa, abincin shekara za ka bai wa ciyawa? Ya ce, "Ba za a nome gonar nan babu shi ba, ya dawo ya tarar an kira shi an kuma gama aiki. Wulaƙanci ke nan."

Ranar kasuwa na tafi Belbeji da niyyar in kira yaron in tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe. Ina shiga inda rezo yake, saƙonsa ya riga ni faɗowa. Na koma gefen masu sayar da tabarma na kara a kunne.

"Goggo! Kin ga abin da ya faru kuwa? Gangar Baba ta tashi filin nan. An ba ni wasu bukukuwa huɗu, har watan tara ban da hutu. Yanzu za a fitar da kiɗan, ana son a rubuta bayaninsa. Na san irin taken nan ne da ake yi wa manoma. Ki tambayar mini Baba, na wane ne? Ina son in sa sunan mai shi, a girmama shi."

Na saurara sau biyu. Raina ya ɓaci, na danna wurin magana na fara zazzaga masa: kai ɗan nema, kai shashasha, ubanka ya bar gonarsa ta mutu... Sai na tsaya. Me ya yi? Yana ɗan shekara goma sha uku ya ji kiɗan nan sau ɗaya, da rana tsaka, cikin hayaniya. Mu ne muka riƙe ranar, shi yini ɗaya ce cikin hutun lakwal. Na goge abin da na faɗa. Ko barkono ban saya ba.

Na tarar da Falalu a gona, ba a ƙofar gidana ba. Yana tsugune yana cire ƙarangiya da hannu daga gindin gero, wai don kada ta yi yawa kafin a zo. Ya ɗago ya dube ni. Karo na farko a rayuwarsa bai tsaya gyaran murya ba.

"Yaushe ya ce?"

Na kunna masa saƙon, na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta da hannun nan mai rawa har ya ƙare. Ya ce in sake. Na sake. Ya miƙo mini, ya karkaɗe ƙayar da ta manne masa a wando, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi.

Ya ce, "Muryarsa ta zama ta manya."

Na ce, "Yaya, bari in gaya masa. Wallahi in ya sani zai zo, ko baɗi ne. Yaron nan ba mugu ba ne, mantawa ya yi."

"Na san ba mugu ba ne. Kada ki gaya masa, Zalika. In kika gaya masa ya zo, ke kika kira shi. Ki ce na wani yaro ne da ya taɓa noma layi ɗaya a gonata, ba sai an rubuta suna ba. Ki ce kiɗan ya yi kyau, na gani." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "In kin bi ta gidan Maigari ki ce masa Alhamis."

Haka na aika, kalma bayan kalma, ina yi ina jin haushin su duka biyun.

Ranar Alhamis maza ashirin da uku suka shiga gonar. Falalu ya bi su da ganga tun hantsi har azahar, ya buga wa kowa takensa, kowa ya ɗaga hauya ya amsa, hannunsa bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ni na kai musu fura. Na sauke ƙwarya a gindin aduwa na zauna, sai na kama kaina ina ta duban hanyar da ta fito daga Belbeji, ni da na fi kowa sanin babu mai zuwa.