Cika Shi da Mai

Alhaji Ƙasimu mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda: bakinsa ba ya iya furta "ban gane ba". A Madina aka haife shi, cikin Hausawan unguwar Harra ta Yamma. Ya yi shekara talatin yana aiki a Dammam, ya dawo gida da furfura da tumbi da wata Hausa da ta rame har ƙashinta ya fito. In aka yi masa magana sai ya gyaɗa kai, "Na ji, na ji," alhali rabin zancen ya bi iska.

Mahaifiyarsa kuwa, Hajiya Sharifa, ta haura tamanin, kuma ta rantse ɗan da ta goya ba zai yi mata Larabci ta amsa ba. Saboda haka a gabanta ne ya fi gyaɗa kan.

A tsakar gidansu akwai wata baƙar Ford ƙirar 1930, wadda marigayi mahaifinsu ya saya ta hannu, ya yi jigilar alhazai da ita daga Yanbu. Shekara arba'in tana lulluɓe da tamfol, kyanwoyi na haihuwa a kujerar baya. Sai ƙanensa Ubaidullah, wanda Hausarsa ta fi tasa ramewa, ya samo wani mai tara tsofaffin motoci daga Riyad, ya dage a sayar. Hajiya ta yanke hukunci: in motar ta tashi ranar Alhamis bayan la'asar ta kai ta masallacin Ƙuba, ta zauna a gida. In ta ƙi, ta bi mutumin Riyad.

Ƙasimu yana son motar nan kamar ransa. A cinyar babansa ya fara riƙe sitiyarinta, kuma duk gidan babu abin da ya rage da ƙanshin tsohon sai ita. Ya tafi unguwar Jurf ya ɗauko Badaru, Bahaushen Sudan, bakanike mai gareji a can, wanda aka ce ko gawar mota ce sai ya sa ta yi atishawa.

Mako uku Badaru yana fama. Ya sauke kafireto ya jiƙa, ya goge fulogai huɗu da ƙaramin burushi, ya yanka sabon gasket da almakashi daga kwali don babu inda ake sayar da irinsa. Yana aiki yana yi wa motar hira, "Haba tsohuwa, buɗe baki mana, ba allura zan yi miki ba." Hajiya tana kan kujerarta a inuwa, tana jin daɗin Hausarsa kamar mai shan fura.

Ranar Laraba ya goge hannu ya dafa murfin tankin da ke gaban gilashi.

"Alhaji, wannan na wanke shi, ya bushe tas. Gobe kafin in zo ka cika shi da mai. Mai kyau fa, mai tsabta."

"Na ji, na ji," in ji Ƙasimu, don idon Hajiya yana kansa.

To, ga inda gizo ya yi saƙar. Mutanen Dammam in suna nufin ruwa, "mai" suke cewa, kuma shekara talatin kunnen Ƙasimu yana shan wannan kalma. Ga shi duk motar da ya taɓa tuƙawa tankin fetur ɗinta a baya yake. Tanki a gaba, kusa da inji? Ai na ruwa ne, ko makaho ya sani! Bawan Allah bai yi rowa ba. Ruwan gora ya sayo, katan biyu, ya tsiyaya da hannunsa, ya ƙara kofi ɗaya na zamzam don albarka.

Alhamis bayan la'asar Hajiya ta fito cikin sabuwar abaya, an fesa turare. Ubaidullah ya jingina da bango yana wasa da waya. Badaru ya yi bisimilla, ya zura hannun tayarwa a hancin motar, ya murɗa. Shiru. Ya sake murɗawa. Ko tari ba ta yi ba. Sai da ya yi goma sha biyu, gumi ya jiƙa masa jallabiya, Ubaidullah kuwa har ya fara neman lambar mutumin Riyad.

Badaru ya ɗaga bonet ya leƙa ɗan kofin gilashin da mai ke bi kafin ya shiga kafireto. Ya daɗe yana kallonsa. Ya kwance shi, ya shinshina, ya ɗanɗana da yatsa. Sai ya ɗaga kofin ya shanye.

"Innalillahi!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Badaru, kashe kanka za ka yi?"

"Alhamdulillahi," in ji Badaru, yana lashe baki. "Hajiya, tun ina saurayi nake wannan sana'a, ban taɓa shan mai mai daɗin wannan ba. Ubaidullah, in tsiyayo maka?"

Nan take Ƙasimu ya gane. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Badaru ya jawo shi bayan bonet, ya yi ƙasa da murya, ya koma Larabci don kada a sake samun kuskure.

"Ya Alhaji, zan iya rufa maka asiri. In ce kafireto ne ya ƙi. Amma ka san sharaɗin Hajiya: laifin mota ne, mota ta tafi. In kuwa laifinka ne, to, da bakinka za ka faɗa. Zaɓi."

Mugun mutum, yana faɗa yana danne dariya.

Ƙasimu ya dubi motar, ya dubi uwarsa. Ya taka ya durƙusa a gabanta, da tumbinsa da furfurarsa, ya tattaro 'yar Hausar da ta rage masa.

"Inna, mota babu laifi. Ni ne. Mu'allim Badaru ya ce mai. Ni na sa... moya."

"Me ka sa?"

"Ruwa, Inna. Da zamzam kaɗan."

Hajiya ta dube shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta fashe da dariya har carbi ya faɗi daga hannunta, tana share hawaye tana cewa, "Wayyo cikina! Ya yi wa motar ubansa alwala!" Ubaidullah ma ya kasa riƙewa, duk da shi sai da Badaru ya fassara masa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ubaidullah, gaya wa baƙonka babu mota. An ba tsohuwa ruwa ta ƙi tafiya, ai hankali ta yi. Badaru, yaushe za ta tashi?"

"Gobe bayan Juma'a, in sha Allahu. A tsiyaye tanki, a busar, shi ke nan."

"Shi kuma wannan fa?" Ta nuna ɗanta da haɓa.

Badaru ya kewaye Alhaji yana duba shi sama da ƙasa. "Wannan kam, Hajiya, sai an sauke inji."

Ƙasimu ya yi dariya tare da su, don motar ta tsira, kuma farin cikinsa ya fi kunyarsa yawa. Ya yunƙura zai tashi, sai Hajiya ta riƙe masa hannu. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ƙasimu, uwata da ajalinta ya matso, Larabcin da ta yi shekara sittin tana yi ya gudu ya bar ta. Sai Hausa. Ni na zauna a kanta ina jin abin da take so." Ta matse yatsunsa. "Ni fa, in tawa ta zo, wa zai zauna?"

Ƙasimu ya buɗe baki, amsar ta zo masa da Larabci. Ya haɗiye ta, ya koma ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.