Kujerar Gefen Direba

Kujerar gefen direba a tsohuwar motar Baba ba ta motsi. Mai lantarki ce, da maɓalli a gefe, amma ko ka danna har yatsa ya yi zafi ba ta ko tari. Ta tsaya can gaba, bayanta a ɗan kwance. Ɗansa Dogo kuwa ba a banza ya ci sunansa ba. Duk ranar da ya shiga, sai ya naɗe kamar tabarma, gwiwoyinsa tokare da gaban motar.

Tun a ƙaramar sakandare ya bar makaranta. Ya taɓa walda, ya taɓa ɗinki, ya bi babbar mota yana yawon garuruwa, yana can ma Mama ta yi jinyarta ta rasu. Da ya dawo ya shiga garejin wani mai wayarin, wato gyaran lantarkin mota, abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Wannan ma za mu gani." Maganar ta tsaya masa a rai. So yake sau ɗaya ya gama wani abu a gaban tsohon nan.

Ran hutunsa da hantsi, Baba ya taka zuwa gaida maƙwabci. Dogo ya zari makulli daga ƙusa, ya shimfiɗa kwali a tsakar gida, ya tura kai ƙarƙashin kujerar. Fiyus lafiya lau. Ya bi waya da hannu har ya kai soket, sai ya tarar a cire yake, an naɗe bakinsa da salatif tsaf.

"Aikin 'yan ci-da-ceto," ya faɗa yana tsaki. "Sun kasa gyara sun toshe."

Ya mayar da soket, ya danna. Ɗan injin da ke tura kujerar ya yi gurnani ya tsaya, zama ya cinye shi. Ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba kamar yadda ogansa na gareji yake yi, ya fesa mai, ya kankare busasshen giris daga dogon ƙarfen da kujerar ke gudu a kai. Ya goge ƙura da tsatsa har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya shafa sabon giris. Da ya sake dannawa, kujerar ta yi ƙara ta ja da baya sumul. Ya kai ta ƙarshe, ya dawo da ita, ya miƙar da bayanta. Sannan ya zauna ya miƙe ƙafafu, yana jin kansa kamar mai gareji.

A haka Yaya ta fito da bokitin wanki.

"Injiniya, yau kuma me aka kashe?"

"Zo ki ga abin da aka tayar."

Ya danna maɓallin. Ta ajiye bokitin a hankali, dariyar ta bar fuskarta.

"Kai, wa ya aike ka?"

"Ba lalacewa ta yi ba? Wani shashasha ne ya cire soket."

"Baba ne ya cire. Da hannunsa." Ta rage murya. "Yadda Mama ta saita ta ke nan ranar da muka kai ta asibiti karo na ƙarshe. Bayanta na ciwo, ta yi ta dannawa har ta samu inda ta ji daɗi. Da muka dawo ba ita, ya ce kada yara su taɓa."

"Me ya sa ba a faɗa min ba?"

"Kana ina?"

Dogo ya sauka ya durƙusa yana neman alamar da ƙura ta bari a jikin ƙarfen, inda kujerar ta daɗe a tsaye. Ya riga ya goge ta tas.

Yana durƙushe Baba ya turo ƙofar gida. Ya dubi kwalin, ya dubi salatif ɗin da ke ƙasa, ya dubi kujerar. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi.

Yaya ce ta shiga ta zauna, don tsawonsu ɗaya da Mama. "Danna," ta ce wa Dogo. Ya danna, kansa a ƙasa.

"Ƙara gaba," in ji Baba. "Ya isa. A'a, baya kaɗan. Kwantar da bayan." Ya koma mazaunin direba ya zauna, ya juyo ya kalle ta daga inda ya saba kallo. Ya daɗe. "Ƙara... Ku bari. Ni ma ban sani ba."

"Baba, in sake cire soket ɗin?"

"A cire a tsare me?"

Yaya ta fita ta ɗauki bokitinta. Baba ya miƙa hannu ta kan kujerar, ya lalubo maɓallin, ya danna. Ta tafi ba ƙara, ta dawo ba ƙara.

"Ta yi laushi. Ogan naka ne ya koya maka?"

"Shi ne."

"To ka riƙe shi. Hannunka yana da kyau."

Ya zare makulli ya shige ɗaki. Dogo ya tattara kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, yana sa su a jaka a hankali don kada su yi ƙara.