Fuskar Uwar Perla

"Ajiye burushin nan, Perla, rana ta kusa faɗuwa," in ji Zohara, tana kafa kyandir biyu a tebur.

"Ke dai baki kamar rediyo. Kunna abinki."

Sun tsufa suna maƙwabtaka a wani lungun garin Safed. Perla mai zane ce, aikinta ya zaga ƙasashe, amma hoto guda ya gagare ta: na mahaifiyarta, wadda yaƙi ya raba su a birnin Salonika tun tana ƙarama. Riga ta zanu, ɗankwali ya zanu, wurin fuska kuwa fari fat. Ga shi ciwo ya ci ƙarfinta, likita ya ce a mai da ita gida.

Zohara ta kunna kyandir, ta rufe fuska da tafukanta tana addu'a, kamar yadda matan Yahudawa ke yi kowace yammar Juma'a don tarbar Asabar.

"Tsaya haka, kada ki motsa," in ji Perla. "Ashe ba mantawa na yi ba. Haka nake ganin uwata, hannu a fuska."

Ta miƙa hannu ga burushi, sai ta janye. Asabar, ranar hutu a addininsu, ta riga ta shiga, babu aiki sai taurari sun fito gobe.

"Zana abinki," in ji Zohara a hankali. "Wa zan gaya wa? Allah ya san halin da kike ciki."

"In zana uwata tana tarbar Asabar da hannun da ya karya ta? Zan jira. In Allah ya so a gama, ya bar ni."

Zohara ba ta taɓa ganin wuni mai tsawon wannan ba. Tana zaune bakin gado, tsoro fal ranta, duk numfashin Perla sai ta ce shi ke nan. Da magariba ta leƙa taga, ga taurari. Ta gode wa Allah har da hawaye, ta tallafe gwiwar hannun ƙawarta. Perla ta zana yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana mita wai na Zohara sun cika kauri.

Ran Talata Perla ta cika.

Da ake rufe madubai don makoki bisa al'adarsu, ɗan ƙanen mijinta ya nufi hoton da mayafi, zai rufe shi ma.

"Bar ta, ɗana," in ji Zohara. "Ta rufe fuskarta da kanta."

Ya ninke mayafin. Zohara ta zauna ƙasa kusa da hoton, ɗakin na ƙanshin ɗanyen fenti.