Kwamfutar Shekwolo

Ranar da za a kai Shekwolo asibiti bai yi wa mahaifiyarsa Alisabatu zancen jikinsa ba. Kwamfutarsa ya nuna mata a kan tebur.

"Mama, kar a bari ta mutu. In an ɗauke wuta batirin sola zai riƙe ta. Ke dai kar kowa ya taɓa."

Digirin dakta yake yi. Ya taɓa yi mata bayani: hanya mafi sauƙi yake nema wa tankokin ruwa, daga gidan ruwa na Chanchaga zuwa unguwanni. Kwamfutar takan tsara hanya, ta sauya lanƙwasa ɗaya a cikinta, in hanyar ta fi sauƙi ta riƙe, in ba ta fi ba ta sake wata. Sai ta yi makonni a haka.

"Makonni tana neman abin da ɗan acaba ya sani?"

"Ɗan acaba gida ɗaya yake zuwa, Mama," ya ce yana dariya.

Bai dawo daga asibitin ba.

Gidansu na unguwar Sauka Kahuta ya cika da masu gaisuwa, yara kuma suka yi ta kewaya tebur suna leƙen 'yar fitilar da ke ƙiftawa. Alisabatu ta ɗauko zanenta na zumuntar matan coci ta lulluɓe kwamfutar, ta ɗora bargo, ta cusa gefunan da kyau kamar mai rufa jariri. Ta ji gurnaninta ya ƙaru, ta ce a ranta aikin ne ya yi nisa. Bayan jana'iza ta kasa kunne, shiru. Ta ce ta gama ke nan.

Da Zainab, abokiyar karatunsa, ta zo, sai ta yaye bargon. Ƙauri ya tashi. Ta danna nan, ta danna can, sannan ta zauna a ƙasa.

"Ta gama, ko 'yata?"

"Mama, iska take sha ta nan gefen. Zafi ya ƙona ta."

Alisabatu ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Aikin nasa fa?"

"Takan aiko mana da hanya mafi kyau da ta samu a kowace rana. Muna da ta ƙarshe."

"Ita ce wadda yake nema?"

Zainab ta so ta ce e. "Ban sani ba, Mama. Tana kan nema aka tsaya. Amma zan iya ɗorawa daga nan, da sunansa a kai."

Alisabatu ta ninke zanen. Ta ɗauki kwamfutar da hannu biyu ta miƙa mata.

"In kin kunna taki, ki bar taga a buɗe. Kuma kar ki ba ni ajiyarta."