Kwali Goma Sha Biyu

Direba bai taɓa lallaɓa a-kori-kurarsa irin na ranar ba. Duk ramin da ya hango sai ya taka birki, ya ratsa shi a hankali kamar mai dakon ƙwai. Kwali goma sha biyu ne a baya cikin tamfol, kowanne da na'urar duba ƙwayoyin cuta. Daga babbar jami'a ya ɗauko su, tafiyar awa huɗu, zai kai reshen da aka buɗe a garinsu, inda Autarsa take shekara ta uku tana koyon aikin gwajin jini.

Shi kam reshen nan ya yi masa rana. Da ba a kawo shi ba, da Auta tana zaune a gida, don ba yadda za a yi ta tafi wata uwa duniya ta bar mahaifiyarta da shanyewar ɓarin jiki. Yanzu kuwa da ƙafa take zuwa aji, ta dawo ta juya uwar, ta shafa mata magani.

Shugaban reshen da kansa ya tsaya aka sauke kayan.

"Malam Direba, jibi da safe ka zo ka mayar da su."

"Mayarwa kuma, ranka ya daɗe? Ai na ɗauka sun zo ke nan."

"Aro ne. Gobe masu tantancewa za su zo. In suka tarar da ɗakin gwaji fayau, rufe kwas ɗin za su yi." Ya share gumi da hularsa. "Shekara uku ina rubuta takardar neman kayan nan, har biro ya gaji da ni."

Direba ya dubi wuyan rigar mutumin, duk ya fara zarewa, sai ya juya ya hau naɗe tamfol.

* * *

Da yamma ya tarar da Auta tana taje wa mahaifiyarta kai.

"Baba, ashe kai ka kawo mana amaren."

"Amaren kwana biyu ba," uwar ta ce da rabin bakinta mai motsi. "Ko lefe ba a buɗe ba."

Auta ba ta yi dariya ba. "Shekara uku ina zana abin nan a littafi. Na san sunan kowane ƙarfe da ke jikinsa, amma yau na fara taɓa shi. Kuma ni za a sa a gaban baƙi, wai in ce kullum da shi muke aiki."

"In kika faɗi gaskiya fa?"

"A rufe. Mai hali ya koma babbar jami'a." Ta ci gaba da tazar, ba ta ɗago ba. "In na yi ƙarya kuma, in sami takarda, wata rana a ajiye min jinin ɗan wani a ce in faɗi abin da ke damunsa."

Direba ya san irin wannan takardar. Ya sha ganin masu lasisin da ba su taɓa zama a gaban sitiyari ba, ya kuma sha tsayawa a bakin hanya yana taya kwashe abin da suka bari. Ya buɗe baki zai faɗa, idonsa ya sauka a kan hannun matarsa da ke kwance bisa cinyarta kamar ba nata ba.

"Ki yi yadda malamanki suka ce," ya ce, ya tashi ya fita duba tayar da ba abin da ya same ta.

* * *

Baƙi suka zo, suka yaba, suka sa hannu, suka tafi.

Da Direba ya koma ɗaukar kaya, an riga an ɗaure kwali goma sha ɗaya. Auta tana zaune a gaban na ƙarshe, ido ɗaya a kan na'urar, da guntun auduga a ɗan yatsanta.

"Baba, zo ka ga jinina. Na soki kaina."

Ya sunkuya ya leƙa. Wasu ƙananan faya-fayai jajaye birjik, sun fi ƙarfin ƙirga.

"Duk wannan a ɗigo ɗaya?"

"Ban ma gama gane fararen ƙwayoyin jinin ba. Da zan sami ko awa ɗaya."

Shugaban ya leƙo yana duba agogo. Direba ya miƙe, ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, motar ta ɗau zafi. Sai ta huce."

Motar da ko mil biyu ba ta yi ba. Shugaban ya dube shi, ya dubi yarinyar, ya koma ofis. Direba ya ɗaga murfin inji ya zauna a inuwa. Awa ɗaya ta wuce, ya ƙara mata rabi.

Daga nan Auta ta rungumo kwalin da kanta, ta riƙe masa bakin igiya ya ɗaure. Da ya kai ƙofar fita ya duba madubi. Tana tsaye a ƙofar ɗakin gwajin, ta ɗaga ɗan gilashin da jininta ya bushe a kai, tana kallonsa a hasken rana da ƙwayar idonta kawai.